Manhajar Google Arts & Culture a hannun ɗalibin tarihin fasahar zane

Zango biyu ke nan ina amfani da manhajar Google Arts & Culture a karatuna na tarihin fasahar zanen zamani da tarkenta, kuma na ga ya dace in bayyana inda ta amfane ni da inda ta gaza, domin ɗaliban da ke tafe a bayanmu. Kafin in same ta, yawancin zanukan da muke nazari mun san su ne daga takardun darasi da aka yi ta kwafewa har hotunan suka koma baƙi da toka, ta yadda malami zai tambaye mu yadda mai zane ya sarrafa launi alhali babu launi ko ɗaya a gabanmu.

Kamfanin Google ya fara wannan aiki na sanya hotunan kayan fasaha a intanet a shekarar 2011 tare da gidajen adana kayan fasaha 17, a yau kuwa cibiyoyin da ke ciki sun haura dubu biyu. Kyauta ce, ana sauke ta a waya, ana kuma iya buɗe ta a kwamfuta. Babban alfanunta shi ne damar kusanto da hoto. Ranar da na buɗe The Starry Night, zanen sararin samaniyar dare da Vincent van Gogh ya yi a 1889, wanda ke ajiye a MoMA, gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, na yi ta jan allon da yatsu biyu har na ga sawun buroshi ɗaya bayan ɗaya, da kaurin fentin da ya taru kamar yaɓen ƙasa a jikin katanga, da wuraren da ƙyallen da ke ƙasa ya leƙo saboda fenti bai rufe shi ba. A ranar na fahimci abin da ake nufi idan aka ce masu zanen ƙarshen ƙarni na 19 sun daina ɓoye hannunsu a cikin aikinsu, batun da na daɗe da haddacewa don jarrabawa ba tare da na gan shi da idona ba.

Tana kuma da sashen zagaya ɗakunan nune-nune kamar mutum yana tafiya a ciki, wanda ke taimaka wa mai nazarin tsarin baje koli ya ga abin da aka rataye kusa da wane. Sai dai wannan sashe yana cin data sosai, kuma a nan ne ɗalibin fasahar zamani zai fara cin karo da cikas, domin ayyukan da har yanzu haƙƙin mallaka ke kansu sau da yawa ana dusashe su a jikin bango. Mu kuwa rabin darussanmu sun shafi ƙarni na 20 ne zuwa yau.

Akwai abin da allon waya ba zai taɓa bayarwa ba, wato girma. Zanen van Gogh ɗin nan bai kai mita ɗaya a faɗi ba, yayin da zanen furannin ruwa na Claude Monet da ke gida ɗaya da shi ya wuce mita 12, amma a tafin hannu duk girmansu ɗaya. Don haka na ɗauki al'adar karanta ma'aunin kowane aiki, wani lokaci har in auna shi da taku a jikin bangon ɗakinmu, kafin in rubuta komai a kansa.

Ta fuskar tarke kuwa, wato sharhin da ke auna kyau da naƙasun aiki, ya kamata ɗalibi ya lura cewa yawancin bayanan da ke rakiyar hotunan cibiyoyin da suka mallaki kayan ne suka rubuta su, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. Za ka sami suna da shekara da labari mai daɗi, amma muhawarar masana, wadda ita ce ƙashin bayan darasinmu, sai ka koma ɗakin karatu.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon Afirka. Akwai abin yabo, kamar rubuce-rubucen Timbuktu da aka sanya a 2022, da kayan gidan adana kayan fasaha na Yemisi Shyllon da ke Legas. Amma fasahar zamani ta Najeriya tana da tarihi mai zurfi, tun daga Aina Onabolu da Ben Enwonwu zuwa ƙungiyar ɗaliban Zariya ta 1958, inda su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka dage cewa dole a haɗa dabarun Turawa da gadon gida. Ina fata wata rana in kusanto da ayyukansu, da tukwanen Ladi Kwali, da zanen bangon gidajen birnin Zariya, da irin tsabtar hoton da na kusanto da van Gogh, kuma wannan nauyi yana kan cibiyoyinmu da ke riƙe da kayan kamar yadda yake kan kamfanin.

Ina ba ɗalibin shekarar farko shawarar ya sauke ta tun makon farko, ya riƙa buɗe ta inda akwai intanet na makaranta, ya kuma tanadi littafin rubutu domin bayyana abin da idonsa ya gani kafin ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin hoton.