Kwana a Mambila: masauki ko tanti?

Wanda ya taso daga Jalingo, ya bi ta Bali da Serti, ya haye hawan Mayo-Selbe mai kwane-kwane, a gajiye zai isa saman tudun Mambila da ke jihar Taraba. Sai maganar wurin kwana.

Masauki a Nguroje ko Gembu ya fi sauƙi: ɗaki, bargo, a ɗumama maka ruwan wanka a bokiti, da safe ga mai shayi a bakin tasha.

Tanti ya fi wahala, amma da rani ni shi zan zaɓa. Tsayin tudun ya kai kusan mita 1,600, sanyin asuba ba na wasa ba ne, raɓa kan jiƙa tantin sharkaf, hazo ya cika kwari har hantsi. Amma za ka farka a tsakiyar ciyawa, shanu na wucewa, ka sayi madara da ɗuminta. Sai dai kowane fili da mai shi, kuma rikicin ƙasa ya sha tashi a yankin. Kafin ka buga turke, je ka gai da mai unguwa ko arɗo ka nemi izini.

Da damina kuwa, manta da tanti, ka kama ɗaki.