Rufe yankin teku ko ƙayyade kifin da za a kama?

Ana ta tambayata wanne ya fi kare kifin can tsakiyar teku inda ba ƙasar kowa ba ce, a hana kamun kifi gaba ɗaya a wani yanki, ko a yanka wa kowace ƙasa adadin tan ɗin da za ta kama.

Ƙayyadewa bata kashe sana'a, masunta na cin abinci, kuma tayi aiki, kifin tuna na gabashin Atlantika ya farfaɗo bayan ICCAT, hukumar ƙasashe mai kula da kamun tuna a Atlantika, ta rage kason. Amma fa akwai tsada, sai masu bincike sun ƙiyasta kifin, sai an sa ido a jirage, ga masu ɓoye abinda suka kama.

Rufewa ta fi sauƙin gadi, tauraron ɗan adam na nuna jirgin da ya shiga. Matsalar yarjewar ƙasashe, Tekun Ross na Antatika sai 2016 aka amince a rufe wani yankinsa bayan shekaru ana ja-in-ja. Ni abinda ya fi damuna murjanin ƙasan teku, wata halitta mai kama da dutse da kifi ke fakewa a cikinta, in ragar da ake ja a ƙasa ta niƙe shi sai ɗaruruwan shekaru kafin ya dawo.

Kifi mai yawo irin tuna, ƙayyadewa ta dace dashi. Wurin murjani da kifi mai jinkirin girma kuwa, a rufe.