Fili, gidan haya ko hannun jarin gidaje: wanne ya dace da kuɗinka?

Kafin ka zuba kuɗinka a harkar gidaje fara tambayar kanka, yaushe zan sake buƙatar kuɗin nan? Don ƙasa ba ta sayuwa da gaggawa, ranar da ka matsu ita ce ranar da masu saye za su taya maka a wulaƙance.

Fili dai shi ne mafi sauƙin riƙo. Ba rufin da zai yi yoyo, ba ɗan hayan da zai kira ka da tsakar dare, amma fa ba ya kawo maka komai a wata, ribarsa sai ranar sayarwa kuma ita ma sai in gari ya faɗaɗo ta wajen. Matsalarsa tana ga takardu. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ko ashe hukuma ta ware wurin don titi, ko kwari ne da ruwa ke kwanciya. Ka je ofishin rajistar filaye da ƙafarka, ka ɗauko safiyo ya auna, lauya kuma ya zama naka ne ba na dillali ba, don shi dillali la'adarsa tana kan a yi ciniki ne kawai.

Gidan haya ni shi na fi so, amma nan ne mutane suka fi yaudarar kansu da lissafi. Sai mutum ya ɗauki kuɗin hayar shekara ya raba da kuɗin gidan ya ga kashi 8 cikin 100 ya yi ta murna, bai cire gyara ba, bai cire haraji ba, bai cire watannin da gidan zai zauna ba kowa ba, balle kason wakilin da ke karɓo masa haya, toh in ya cire duk wannan sai ka ga abin ya dawo kashi 5 ko ƙasa da haka. Wannan ragowar ita za ka gwada da hauhawar farashi. In kuma da bashin banki ka saya, ruwan bashin ya fi abin da hayar ke kawowa, wallahi kai ne ke ciyar da gidan duk wata.

Shago ko ofis ya kan fi gida kawo haya, sai dai in ya zauna ba kowa yana daɗewa, kowa ya ga yadda ofisoshi suka koma wayam a manyan birane lokacin korona a 2020.

Wanda nake jin tsoronsa sosai shi ne sayen gida tun yana zane a takarda. Eh akwai rangwame, amma alkawari ka saya. Kamfanin Evergrande na China ya kasa biyan bashi a 2021, ana binsa sama da dala biliyan 300, mutane da yawa sun biya kuɗinsu suka ƙare da kango. In dole sai ka shiga, biya ya zama kashi-kashi gwargwadon inda gini ya kai, kuma ka je ka ga ayyukan da kamfanin ya taɓa gamawa.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma akwai hannun jarin kamfanonin gidaje da ake kira REIT. A Amurka aka fara shi a 1960, kuma dokarsu ta ce kamfanin ya raba wa masu jari aƙalla kashi 90 na ribar da ake biya wa haraji. Kana iya sayarwa ran da ka so a kasuwar hannun jari, amma farashi na hawa da sauka kullum. Mai gudun kuɗin ruwa ya bincika bashin kamfanin da irin sana'ar 'yan hayarsa, Malesiya ma ta fitar da ƙa'idojin REIT irin na Musulunci tun 2005.

Kar kuma wani ya ce maka gida ba ya faɗuwa. A Japan farashin ƙasa ya karye a farkon shekarun 1990 ya yi ta sauka sama da shekara 10, a Amurka ma rikicin 2008 ya raba miliyoyin iyalai da gidajensu, galibi waɗanda suka saya da bashin da ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa ko gidan hayar ne ni ba zan ce ka saya ba sai in kana da wani kuɗin a gefe da zai riƙe ka wata 6 ko da ba a biya ka haya ba.