Akwatin gwajin ruwan jakuzi mai ɗigo: tsadarsa ta biya

Wanda yake da jakuzi, wato babban bahon ruwan ɗumi mai busa kumfa, a bayan gida a nan kudancin Ingila ya san ruwan famfonmu mai nauyi ne. Ƙasar yankin alli ce, shi ya sa butar shayi ba ta daɗewa sai farin ɓawo ya kama cikinta. Irin wannan ruwan ake zuba wa bahon, a dafa shi zuwa digiri 38 ko 39, mutane su shiga da gumi da man shafawa. Kulawa yake so kullum.

Da farko da 'yan takardun nan nake gwaji, waɗanda ake tsomawa a ciro a kwatanta launi da na jikin kwalba. Suna da arha da sauri, amma a ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH, launin 7.4 da na 7.8 kusan ɗaya ne a idona, musamman da yamma. In kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi yawa sosai ma yakan kashe launin, takarda ta fito fari fat, mutum ya ɗauka babu magani ya ƙara zubawa.

Akwatin ɗigon da na saya ya ninka su kuɗi sau da yawa. A ciki akwai 'yan kwalabe, ƙaramin bututu mai ma'auni da wata hoda. Ka ɗebi ruwa, ka zuba hodar ya koma ruwan hoda, sai ka riƙa ɗiga magani kana kaɗawa kana ƙirgawa har launin ya ɓace. Yawan ɗigon shi ne amsarka, babu canki-canka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kulorin mai aiki a irin wannan baho kada ya gaza 3 ppm, wato kashi 3 cikin miliyan, buromin kuma, wanda wasu ke amfani da shi a madadin kulorin, 4. Yanzu in na ce 3 ne, na san 3 ɗin ne.

Inda ya fi yi min amfani shi ne alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa yake da shi na kashe tsami. Ma'aunin pH ɗina kullum hawa yake, in zuba maganin sauke shi, washegari ya koma gidan jiya. Gwajin ya nuna alkalinitin ya zarce 120 nesa ba kusa ba, alhali tsakanin 80 da 120 ake so. Kumfar da injin ke busawa tana fitar da iskar kabon daga ruwa, pH ya tashi, kuma in alkaliniti ya yi yawa abin sai ya ƙara tsananta. Da na sauke shi a hankali cikin 'yan kwanaki, pH ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin ya fara kama aiki, farin ɓawon da ke taruwa a bakin ruwa ma ya ragu.

Akwai kuma zancen wari. Maigidana yakan ce, "Hajiya, yau kam an sha magani," in ya ji ruwan yana tashin ƙauri. Akwatin yana auna kulorin da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari, wanda ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kuma shi ne mai warin da sa ido ja. Wato ruwan ƙarin magani yake nema. Wannan ba abin wasa ba ne, domin ruwa mai ɗumi gidan ƙwayar Pseudomonas ne mai kawo ƙuraje masu ƙaiƙayi, da Legionella wadda ake shaƙa a tururi ta kama huhu. Ruwa yana iya zama garau suna ciki.

Aibinsa? Yana cin lokaci, rubutun umarnin ƙanana ne ƙwarai, kuma magungunan suna lalacewa in an bar su a rana ko sun shekara. A ɗaki nake ajiye nawa, nesa da yara. Ba ya kuma ɗauke wa mutum wanke matatar ruwan duk mako da zubar da ruwan gaba ɗaya bayan wata uku ko huɗu, musamman ga mai amfani da garin kulorin irin dikulo, wanda ke tara wani sinadari da ke rage masa kaifi.

Takardun ban yar da su ba, da su nake leƙawa kafin a shiga. Gwajin ɗigo kuwa ranar Asabar ne, da duk ranar da baƙi suka yi wanka suka tafi.