Alif ko kofa salfet: wanne ya fi wa tafkin da gansakuka ta mamaye?

Malam, ka ce tafki ya yi kore shar, wasu na cewa a zuba alif, wasu na cewa a fesa shuɗin gishirin nan na tagulla, kofa salfet, kana son sanin wanda ya fi. Ni alif zan zaɓa, amma ba a kowane tafki ba.

Kofa salfet kisa yake yi. A fesa yau, kafin kwana biyu ko uku ruwa ya washe, ga shi da arha. Sai dai matacciyar gansakukar ƙasa take nutsewa ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, abincin da ke jikinta kuma ya koma ruwa. Bayan 'yan makonni kore ya dawo, a sake sayo magani. Tafkunan garin Fairmont a jihar Minnesota ta Amurka shekara 58 ana yi musu haka, har tagulla ta taru a laka, ƙananan halittun da kifi ke ci suka ragu sosai, gansakuka kuma ba ta daina dawowa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata gansakukar, mai launin shuɗi-kore, tana ɗauke da dafi a cikin ƙwayoyinta. In aka kashe ta lokaci guda, ƙwayoyin su fashe, dafin ya bazu. A 1979, a tsibirin Palm na Ostareliya, an zuba kofa salfet a madatsar da jama'a ke sha, kwanaki kaɗan aka kwantar da mutum sama da ɗari a asibiti, galibinsu yara, da amai da ciwon hanta. Ruwan ya yi kyau a ido, amma a lokacin ne ya fi haɗari.

Shi kuwa alif yunwa yake sa wa gansakuka. Babban abincinta fosfaras ne, wanda ke cikin takin NPK da kashin dabbobi da ruwan masai. Shekara da shekaru yana taruwa a lakar tafki. Idan zafi ya yi, iska ta ƙare a can ƙasa, sai lakar ta sake shi ya hau sama, ko da babu sabon da ya shigo daga waje.

Ana ɗora narkakken alif a kan kwale-kwale mai bututai, yana bin tafki layi-layi. Da ya taɓa ruwa sai ka ga wuri ya yi fari, ƙananan curi masu laushi suna haɗuwa suna nutsewa a hankali, suna kwashe ƙura da fosfaras a hanya, kamar dai yadda yake yi wa ruwan rafi a randa. Muhimmin aikin kuwa sai ya isa ƙasa yake farawa: ya shimfiɗu a kan laka, duk fosfaras ɗin da ya taso ya riƙe shi, kuma ba ya sakinsa ko iska ta ƙare. An fara gwada wannan a Suwidin a 1968, sannan a tafkin Horseshoe na jihar Wisconsin ta Amurka a 1970. A tafki mai zurfi zubawa ɗaya kan kai kusan shekara 20, a marar zurfi kuwa kamar biyar ko shida, don iska da kifin da ke tonon laka suna hargitsa shimfiɗar. Shi ya sa ake maimaitawa: tafkin Green Lake na birnin Seattle a Amurka an zuba masa a 1991, da 2004, da 2016.

To ga sharaɗin. Alif abin da ke cikin tafki kawai yake ɗaurewa. Grand Lake St. Marys a jihar Ohio ta Amurka tafki ne mai faɗi marar zurfi, gonaki da garken dabbobi sun kewaye shi. An kashe miliyoyin daloli ana zuba masa alif a 2011 da 2012, amma duk ruwan sama sai ya kawo sabon taki, gansakuka ta ci gaba da abinta. Saboda haka kafin a kashe ko sisi, a auna a gano daga ina fosfaras ke zuwa. In daga kwatoci da gonaki ne, can ya kamata kuɗin ya fara tafiya.

Kuma kada wani ya ɗauka tunda alif ne na gida ba ya cutarwa. Yana ƙara wa ruwa tsami, in tsamin ya yi yawa har ma'auninsa, wato pH, ya sauka ƙasa da 6, alminiyon da ke cikin alif ya narke ya toshe wa kifi mashaƙa. Shi ya sa ake haɗa shi da sodiyam aluminet, wani sinadari mai rage tsamin, ana auna ruwan a duk tsawon aikin. Kuɗinsa na farko ya fi na kofa salfet nesa, ba ya cire dafin da ya riga ya bazu, sannan idan ruwa ya yi garau rana kan kai ƙasa, ciyawar ruwa ta yi yawa.

In ka faɗa mana zurfin tafkin, da abin da ke kwarara cikinsa, da ko mutane da dabbobi na sha, za mu iya duba ko alif zai biya kuɗinsa. Kafin nan, a hana yara da dabbobi shiga, kuma a sani tafasawa ba ta kashe wannan dafin.