Hattara da mai tallar dashen gajerar kwakwa a Damagaram

Jama'ar Damagaram, musamman masu garka a Mirya da Matamaye, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke yaɗa hotuna a WhatsApp yana tallar abin da ya kira dashen gajerar kwakwa "mai aure". Wai cikin wata 18 za ka fara tsinka, wai an haɗa irin ne domin ƙasar rairayi, ba ruwanta da ban ruwa. Kawuna ya faɗa hannunsa: tushe 20, kowane jika huɗu, kuma ya tura rabin kuɗin tun kaya ba su iso ba.

Ranar da na je garkar na ga ledojin jere a inuwa, gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, ina ƙwallon?" Ya ce, "Wane ƙwallo kuma, ɗana?" Na yaga leda ɗaya na kakkaɓe ƙasar. Ƙwallon dabino ne maƙale da saiwa.

Ba a yi wa kwakwa aure yadda ake yi wa mangwaro ko lemo. Ba ta da reshe, ba ta kuma fitar da 'ya'ya a gindi irin na dabino. Kwakwar ce sukutum da ɓawonta ake binnewa, ta yi watanni kafin ta tsiro, kuma tsiron yana nan manne da ita yana ci daga cikinta. Duk dashen da aka miƙo maka a ƙaramar leda babu ƙatuwar kwakwa a gindinsa, mayar masa da kayansa.

Gajeren irin kam akwai shi, ba ƙarya ba ne. Wanda aka fi sani na Malesiya ne, akwai rawaya da ja da kore. Yakan fara fure a shekara ta 3 zuwa ta 4, alhali doguwar kwakwa sai ta kai shekara 6 ko fiye. Daga fure zuwa ƙosawa kuma kusan shekara guda ce cur. To ina wata 18 ya shiga nan? Hotunan da yake nunawa, nonnan kwakwa har suna neman taɓa ƙasa, mai yiwuwa na gaske ne, saboda gajerar takan fara haihuwa tun ba ta wuce tsayin mutum ba. Sai dai a bakin teku ake ganin irin haka, wuraren Badagiri da Kwadibuwa, ba a bayan Birni ba.

Maganar ba ta son ruwa ita ta fi ba ni haushi. Kwakwa tana son ruwan sama kamar milimita 1,500 a shekara da iska mai laima. Damagaram ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba mu cika samu ba, ga hunturu ga zafin bazara. Gajerar ma ta fi doguwar saurin jigata da ƙishi, ƙananan 'ya'yanta su riƙa zubewa. Mai rijiya da ke son gwaji ya sayi ɗaya ko biyu, ya gani da idonsa kafin ya biya.

Lambar mutumin a kashe take tun ranar da ya karɓi cikon kuɗinsa. Kawu dai ya ce zai dasa dabinon a gefen shinge, ko da rabinsu maza ne.