Ajin Turanci na yamma a Jos: abin da na gani cikin wata biyu

Wata biyu ke nan ina halartar wani ajin koyon Turanci na manya da ake yi bayan sallar La'asar, sau uku a mako, a wani bene da ke kusa da kasuwar Taminus a nan Jos. Yawancin ɗaliban 'yan kasuwa ne da ƙananan ma'aikata, sai wasu matasa masu shirin sake rubuta jarrabawar WAEC. Da yake an sha tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, na ga ya fi dacewa in bayyana yadda darasi guda ya gudana.

A ranar, wani ɗalibi ya zo da jaridar da aka rubuta cewa wasu suna "sowing discord" a cikin jam'iyyarsu, ya tambaya ko ana nufin manhajar Discord ce da ƙannensa ke hira a kanta. Malamin bai yi masa dariya ba. Ya ce manhajar a 2015 ta fito, ita kuwa kalmar ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, domin daga Latin ta taso, ta biyo ta tsohon Faransanci kafin ta shiga Turanci. "Dis" yana nuna rabuwa, "cor" kuma zuciya ce, wato zukata sun rabu. Daga nan ya rubuta 'yan'uwanta "concord" da "accord", waɗanda ke nufin haɗuwar kai. Nan take dattawan ajin suka tuna da jaridar National Concord da marigayi Abiola ya kafa a 1980, matasa kuma suka tuna da "concord" na nahawu, dokar dacewar aikatau da mai aikatawa, wadda ta sha kayar da su a jarrabawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙin da malamin ya yi na ba mu fassara ɗaya tilo. Ya jera rashin jituwa, da saɓani, da ɓaraka, da husuma, ya sa muka auna nauyin kowace, har muka amince cewa rashin jituwa ne ya fi kusa, saboda abu ne mai daɗewa tsakanin iyali ko jam'iyya ko al'umma, ba lallai sai an ɗaga murya ba. Ya kuma nuna mana cewa jituwa daga "ji" ta fito, ke nan Bature ya danganta lamarin da zuciya, Bahaushe kuma da kunne. Ban taɓa lura da hakan ba, duk da cewa da kalmar na tashi. Ya gargaɗe mu cewa "discord" kalma ce ta rubutu da jawabi, don haka wanda ya yi cacar baki da mai Keke Napep a kan canji, "quarrel" ko "argument" zai ce. A fannin kiɗa kuwa, tana nufin sautukan da ba su dace da juna ba. "Sowing" shuka ne, amma ya ce mu a Hausa haddasa fitina za mu ce.

Sai dai ajin yana da nakasu. Malamin ne ke magana kusan daga farko har ƙarshe, ɗalibi bai cika samun damar gwada bakinsa ba, kuma ba a raba takardun darasi. Idan aka ɗauke wuta dab da Magariba, na baya ba sa ganin allo, ga sanyin hunturun Jos yana shigowa ta tagogin da gilasansu suka fashe.

Mai son fahimtar jarida ko rubuta wasiƙar ofis zai ƙaru matuƙa. Wanda burinsa shi ne ya yi ciniki da baƙi cikin Turanci ba tare da in'ina ba, ya kamata ya haɗa da wani wurin da ake yawan hira. Ni dai na biya kuɗin wata na uku, kuma na koma zama a layin gaba.